Maigidana bai taɓa shan giya ba, me ya kumbura masa fankiriyas?

Likita, kwana biyu bayan Babbar Sallah maigidana ya kwana yana murƙususu, ciwo daga saman cibiya yana ratsawa har gadon baya, ga amai. Mun ɗauka olsa ce ta tashi, sai a asibiti aka ce fankiriyas ɗinsa ne ya kumbura. Yanzu an sallame shi, alhamdu lillahi. Abu biyu ke damuna. Wani ɗan'uwansa ya ce wannan ciwon mashaya ne, maganar har ta kai kunnen Hajiyarsu, alhali ni shaida ce bai taɓa kai giya bakinsa ba. Sannan a makon ne karen da ke mana gadi ya yi ta amai, ya ƙi abinci, likitan dabbobi ya ce shi ma ciwon ke nan. Ko karen ne ya shafa masa?

Uwargida, daga Zariya

Uwargida, Allah ya ƙara wa maigida lafiya.

Ki cire karen daga zargi. Wannan ciwo ba ya yaɗuwa daga dabba zuwa mutum. Abin da nake zaton ya haɗa su shi ne kitsen layya.

Fankiriyas wata tsoka ce da ke kwance bayan tumbi. Ita ke yin insulin, ita ke kuma tsatso ruwan da ke narkar da abinci a hanji. Idan wannan ruwa ya fara aiki tun bai fita ba, sai ya shiga cin tsokar da ta yi shi. Azabar da kika gani ke nan.

Ɗan'uwan nan ya tsinci rabin magana ne ya yi ta yawo da ita. Gaskiya ne yawan shan giya na cikin manyan dalilai biyu. Ɗayan kuwa, wanda ba ruwansa da ɗabi'ar mutum, tsakuwar matsarmama ce. Bututun matsarmama da na fankiriyas ƙofa ɗaya suke bi su shiga hanji. Mutum ya ci abinci mai maiƙo, matsarmama ta matse, ƙaramar tsakuwa ta gangaro ta toshe ƙofar, shi ke nan. Mutane da yawa na ɗauke da irin wannan tsakuwa shekara da shekaru ba su sani ba. Bayan ita akwai hauhawar kitsen jini da ake kira tiragilisarayid, musamman in ya haura 1,000 a awo, abin da ake yawan gani ga mai ciwon suga da bai daidaita ba. Akwai yawan kalsiyam a jini, buguwa a ciki kamar ta haɗarin babur, wasu magunguna, har da hangum. Taba sigari da ƙiba suna ƙara haɗarin.

Don haka tambayar da ya kamata ku koma da ita asibiti ita ce: me ya jawo nasa? An yi masa hoton ciki don duba matsarmama? An auna kitsen jini da suga da kalsiyam? In tsakuwa ce, likitoci kan ba da shawarar cire matsarmamar ba tare da jan lokaci ba, domin ciwon kan dawo, kuma mutum na rayuwa lafiya ba tare da ita ba. Kafin nan a rage soye-soye da kitse da kayan ciki, ya riƙa cin kaɗan-kaɗan. In yana busa sigari, ya bari. Ya kuma nuna wa likita duk abin da yake sha, har da jiƙe-jiƙen gargajiya. Sakamakon hoton nan shi ne amsar da za ki ba Hajiya, ba sai kin yi cacar baki da kowa ba.

Shi kuwa kare, giya ba ta cikin lissafinsa, tsakuwa ma ba kasafai ba. Nasa yawanci cin kitse ne da yawa a lokaci guda, irin tarkacen da ake watsa masa ranar fiɗa, musamman in dama yana da ƙiba. A bar shi kan abincin da ya saba, a rufe kwandon shara. Kada a ba shi farasitamol ko ibufurofen na mutane, suna iya halaka shi.

Idan ciwon maigida ya dawo da amai, zazzaɓi ko idonsa ya yi rawaya, kada a tsaya shan maganin olsa a gida. A wuce asibiti nan take.