DARASI: HAƘƘIN MACEN DA AKA YI WA AIKIN SANKARAR MAMA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Agie da Gazawa da Gidan Rumji, darasinmu ya shafi 'yan'uwanmu mata waɗanda Allah Ya jarraba da sankarar mama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano cutar a jikin mata kimanin miliyan 2.3. A Nijar, daga shekarar 2021 ake gashin cutar da na'ura a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. Mace takan dawo daga wannan doguwar jinya an cire mata mama ɗaya, gashin kanta ya zube saboda magani, wani lokaci hannu ya kumbura. Daga nan sai ta ƙaurace wa biki da makaranta, tana ganin ta tawaya.

Na farko, Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) hadisin da ke nuna cewa abin da Allah ke dubawa shi ne zukata da ayyuka, ba surar jiki ba. Mutuncinta bai ragu ba ko kaɗan.

Na biyu, aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabobi. Kishiya ko dangin miji da ke yi mata habaici su ji tsoron Allah.

Na uku, aya ta 19 ta Suratun Nisa'i ta umurci maza da kyakkyawan zama da matansu. Kai maigida, kada ka rage mata kwana, kada ka ƙyamaci ƙwaryar abincinta. Cutar ba a ɗaukarta. Gashi kuwa yakan tsiro bayan an gama magani.

Na huɗu, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke hancin Arfaja ɗan As'ad (RA) a wani yaƙi na jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umurce shi da ya sa na zinariya. Da wannan malamai suka kafa hujjar halaccin gyara gaɓar da ta salwanta. Saboda haka babu laifi ta sa maman roba ko na auduga a cikin rigarta.

Mu lura, matan gari suna kallon yadda muke riƙe ta. In sun ga an wulaƙanta ta ko an sake ta, wadda ta ji ƙullutu a ƙirjinta za ta ɓoye har cutar ta ci ƙarfinta. In sun ga an girmama ta, za ta je likita da wuri, lokacin da magani ya fi amfani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa jinyarsu ta zama kaffara. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.