Darasi: Ƙwayar asuba ba ta son rakiya

Kun san maƙoƙo, ba sai na faɗa muku ba. A gaban wuya akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod, ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. In ta yi sanyin aiki, sai kasala ta kama mutum, ya riƙa jin sanyi ko da bazara, fata ta bushe, gashi ya zube. Asibiti kan ba da wata ƙaramar ƙwaya mai suna levothyroxine. In an auna jini aka ga bitamin D ya yi ƙasa, sai a ƙara shi, wani lokaci da kalsiyam ko maganin ƙarin jini. Bitamin D ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, ƙashi ya yi ƙwari. Ana samunsa a hasken rana da kifin sadin da gwaiduwar ƙwai. Wannan ba wuya.

Abin da ya dame ni shi ne tara ƙwayoyi a watsa su baki lokaci guda. Kada ku haɗa!

Ga Talatu bayan sallar asuba, ƙwaya uku a tafin hannu, shayi da madara a gefe.

"Umma, malamar asibiti ta ce ƙaramar ita kaɗai," in ji 'yarta Hadiza.

Lami maƙwabciya, da ta shigo aron rariya, ta yi karaf: "Ji yarinya da iyayi! Ai duk ciki ɗaya za su. Haɗiye abinki, Maman Hadiza."

Irin su Lami sun cika unguwa. Ba su taɓa raka kowa asibiti ba, amma kowane gida sai sun ba da fatawa. Wata uku Talatu na bin maganar Lami, kasala na nan daram, har ta fara cewa jabu aka sayar mata. Maganin lafiyarsa ƙalau. Kalsiyam da sinadarin ƙarfe na maganin ƙarin jini ne ke riƙe ƙwayar a hanji, ta wuce ba ta shiga jini sosai ba. Madara da awara da maganin olsa ma kan tare ta.

Don haka ina sake faɗa: kada ku haɗa! A sha levothyroxine da ruwa zalla, ciki babu komai. A jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Kalsiyam da ƙarin jini sai bayan awa 4. Mai sauƙin tunawa: ita da asuba, su bayan azahar.

Daga ƙarshe Hadiza ta ajiye ƙaramar ƙwayar kusa da dardumar Umma, sauran ta kai su cikin kwanon abincin rana.