Gajiyar da ba ta fita: kafin ka nemi ƙwayar ƙarin kuzari

Manomi a Nahuce ko ɗan acaɓa a Tsafe, idan gajiya ta ƙi sakinsa wata da watanni, ga baƙin ciki da rashin barci saboda fargabar 'yan bindiga, sai wani ya ce masa ya sha ƙwaya jiki ya warware. Ɗan'uwa, dakata.

Tramadol ba maganin gajiya ba ne, maganin raɗaɗi ne mai kama jiki. NAFDAC ta amince da mai 50mg da 100mg kawai. Mai 225mg da ake tallarsa haramtacce ne, kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman in an haɗa shi da maganin ciwon damuwa. Ainihin magungunan zaburar da ƙwaƙwalwa, irin su Ritalin, likita ne kaɗai ke rubuta su, ga cututtuka ƙalilan. Suna ɗaga hawan jini, su hana barci da cin abinci, in sun sake ka damuwar ta dawo da nauyi.

Fara da gwaji a FMC Gusau ko Asibitin Yariman Bakura: ƙarancin jini, maleriya, ciwon suga, tarin fuka. Mai haƙar zinare ya nemi a duba gubar dalma. In ciwon damuwa ne, akwai fluoxetine da amitriptyline, amma sai sun yi mako biyu zuwa shida kafin a ji sauƙi, don haka kada ka yanke su da kanka. Wanda ya fara tunanin kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitin ƙwararru kan lafiyar ƙwaƙwalwa a Kware, Sakkwato.