Ƙwaron Wake da Hikimar Toshe Masa Iska

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Wudil zuwa Gaya, ya karkata ya nufi Ajingi da Toranke a watan Oktoba ko Nuwamba, zai tarar da manoma da iyalansu a duƙe suna roron wake a tsakanin kararen gero da dawa. Wake amfani ne mai albarka biyu a wannan yanki. Ƙwayarsa abinci ce ga mutum, harawarsa kuwa abinci ce ga dabba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake sinadarin gina jiki ne, wato furotin, shi ya sa ƙosai da alala da ɗanwake da garau-garau suke cike wa talaka gurbin naman da ba kullum yake samu ba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin wannan wake, Jamhuriyar Nijar na biye da ita.

Sai dai manomin wake yana da wata matsala da ya gada kaka da kakanni. Da kaka wake yana araha domin kowa ya kawo nasa kasuwa. Da bazara, zuwa faɗuwar damina, yana tsada. Hankali ya nuna a ajiye shi sai ya yi daraja, amma wanda ya ajiye yakan kwance buhu bayan wata uku ko huɗu ya tarar da ƙwayoyi duk huji, ga gari, ga wari. Saboda tsoron wannan asara sai manomi ya sayar da arha, wani ya kwashe ya kai Dawanau ya ci ribar. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana rayuwar ƙwaron da ke wannan ɓarna, sannan a nuna yadda sanin rayuwar tasa ya buɗe hanyar kashe shi ba tare da an zuba wa abinci guba ba.

Wane ne wannan ƙwaro?

Masana ilimin halittu suna kiran sa Callosobruchus maculatus. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai fi milimita 3 zuwa 4 ba, launinsa ja-ja ne mai duhu da ɗigo-ɗigon baƙi a baya. Mutane da yawa sun ɗauka wake ne da kansa yake haifar da shi idan ya daɗe a ajiye, domin sun ƙulle buhu babu ƙwaro ko ɗaya, sun kwance sun tarar da dubbai. Gaskiyar maganar ita ce tun daga gona aka ɗauko shi. Yayin da kwanson wake ya fara bushewa, macen ƙwaron takan tashi ta sauka a kansa ta yi ƙwai. Manomi ya yi roro, ya sussuke, ya sheƙe, ya zuba a buhu, bai san ya zuba har da baƙin da bai gayyata ba.

A cikin buhu macen tana manna ƙwanta a jikin ƙwayar wake ɗaya bayan ɗaya. Idan mai karatu ya ɗebi wake mai ƙwari ya duba da kyau zai ga wasu fararen ɗigo kamar an yayyafa gishiri, to su ne ƙwan. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai har kusan 100. Tana kuma da wata dabara mai ban mamaki: kafin ta yi ƙwai takan zagaya ƙwayar ta bincika, in ta tarar wata ta riga ta, sai ta nemi wadda babu kowa, don kada 'ya'yanta su yi gasar abinci. Wannan ne ya sa ɓarnar take bazuwa ko'ina cikin buhu maimakon ta tsaya a wuri guda.

Bayan kamar mako guda ƙwan yana ƙyanƙyashewa. Tsutsar ba ta fitowa fili. Daga ƙarƙashin ɓawon ƙwan take huda fatar wake ta shige ciki kai tsaye. A can take zama tana ci tana girma, tana saɓa har sau huɗu, sannan ta kwanta ta rikiɗe ta zama cikakken ƙwaro. Kafin ta kwanta takan ci har kusa da fatar wake ta bar wata 'yar taga zagayayya, wadda ƙwaron zai ture ya fito. Hujin da muke gani a jikin wake ƙofar fita ce, ma'ana an gama ɓarnar tun kafin ido ya gan ta. Cikakken ƙwaro ba ya bukatar ci ko sha. Mako ɗaya zuwa biyu yake yi a duniya, aikinsa kawai barbara da ƙwai.

A zafin da ya kai digiri 30 a ma'aunin Selsiyos, wanda ba baƙo ba ne a ɗakunan ajiya na ƙasar Kano, daga ƙwai zuwa cikakken ƙwaro mako uku ne zuwa huɗu. Bari mu yi ɗan lissafi don misali. A ce 'ya'ya 40 kaɗai suka rayu daga kowace mace, rabinsu mata. Bayan wata guda mace ɗaya ta zama 20. Wata na biyu 400. Wata na uku 8,000. Wata na huɗu 160,000, ban da mazan da yawansu ya yi daidai da haka. Wannan shi ne dalilin da ya sa buhun da aka ƙulle lafiya a Nuwamba yake zama gari a watan Maris.

Dabarun da muka gada

Iyayenmu ba su zauna sun zuba ido ba. Wasu sukan bar wake a cikin kwansonsa su zuba a rumbu, domin kwanso katanga ce da take rage wa tsutsa hanyar shiga. Wasu sukan cuɗa shi da toka ko lallausan yashi a cikin tukunya ko randa. Bincike ya tabbatar da hikimar wannan: idan aka tankaɗe toka aka auna ta daidai da yawan waken, kwano da kwano, tana cike duk gurbin da ke tsakanin ƙwayoyi, ƙwaron da ya fito ya rasa hanyar motsi balle ya sami mace. Ba ta kashe tsutsar da ke ciki, amma tana tsayar da haihuwa. Haka nan man gyaɗa kaɗan, kimanin mililita 5 ga kilo guda na wake, yana lulluɓe ƙwai ya hana shi numfashi. Akwai masu sa barkono ko ganyen darbejiya, sai dai ƙarfin waɗannan ba ya daɗewa. Illar dabarun nan duka ita ce sun dace da tiya biyar ko goma na cin gida da na iri. Mai buhu ashirin ina zai sami toka buhu ashirin?

Maganin da ya zama cuta

Da magungunan ƙwari na zamani suka shigo kasuwanninmu sai aka ga kamar an huta. Iri biyu suka fi yawa. Na farko ƙwaya ce ta sinadarin alminiyam fosfaid, wadda idan ta haɗu da laimar iska take fitar da iskar fosfin mai kisa. An yi ta ne don ƙwararru su yi amfani da ita a rufaffen sito nesa da mutane. Amma a ƙauye sau da yawa ɗakin ajiya shi ne ɗakin kwana, ko kuwa bango ɗaya ya raba su, iskar kuwa ba ta bambanta huhun ƙwaro da na yaro. Na biyu shi ne ruwan dikulobos, wanda aka fi sani da fiya-fiya. Wasu suna yayyafa shi kai tsaye a kan wake, ya shige cikin ƙwaya, wanki ba ya fitar da shi duka. Wannan sinadari yana hana aikin wani ruwan jiki da ke daidaita saƙon jijiyoyi, kuma hanyar da yake bi ya kashe ƙwaro ita yake bi ya cuci mutum: dalalar miyau, amai, gudawa, karkarwa, toshewar numfashi.

Abin bai tsaya a kan lafiya ba, ya shafi tattalin arziki. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan dikulobos da aka riƙa samu a cikinsa fiye da ƙa'ida. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana shigowa da sarrafa ƙananan kwalaben wannan magani na gona. Kowa ya ɗebo da zafi, in ji Hausawa, bakinsa. Amma a nan wanda ya ɗebo daban, wanda ya ƙone daban, domin mai yayyafawa ba lallai ne shi zai ci ba.

Ƙwaro ma numfashi yake yi

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne. Duk mai rai irin mu da ƙwari yana amfani da oksijin ya ƙona abinci a cikin jikinsa, ya sami ƙarfi, ya fitar da iskar kabon dayoksaid da ruwa. Tsutsar da ke cikin ƙwayar wake ba ta tsira daga wannan doka ba. To, idan aka zuba wake a cikin mazubin da iska ba ta shiga, aka toshe, ƙwarin da kansu za su shanye oksijin ɗin da ke ciki. Idan ya yi ƙasa ƙwarai, zuwa wajen kashi 5 cikin ɗari, sai tsutsa ta daina ci, girma ya tsaya, haihuwa ta tsaya. Abin sha'awa kuma, yawan ƙwarin shi ke gaggauta ajalinsu.

A kan wannan ƙa'ida masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, tare da takwarorinsu na Kamaru a garin Marwa, suka fara gwajin buhu mai ruɓi uku a ƙarshen shekarun 1980. A 2007 aka ƙaddamar da shirin yaɗa shi a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da sunan PICS. Cibiyar IITA mai reshe a Kano ta yi aikin a Nijeriya, cibiyar INRAN ta Maraɗi ta yi a Nijar. Buhun leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sannan buhun saƙa na roba a waje don ɗauka da kariya. Leda ɗaya tana barin iska kaɗan ta ratsa, ta biyun tana tare abin da ya kuɓuce.

A 2012 Murdock da abokan aikinsa suka bayyana wani abu da ya ƙara haske. Tsutsar da ke zaune cikin busasshen wake ba ta da wurin shan ruwa, mafi yawan ruwan jikinta daga ƙona abincin nan da oksijin take samun sa. Da zarar oksijin ya ƙare, mashayarta ta ƙafe. Ashe ƙishirwa ce babbar mai kashe ta a cikin buhun.

Ɗalibi na iya gwada wannan a gida. A sami kwalba biyu, a cika su da wake mai ƙwari daga kwano guda. A rufe bakin ɗaya da ƙyalle, ɗayar kuwa a murɗa murfinta sosai a liƙe gefen da kakin kyandir. A ajiye su a inuwa wata biyu, sannan a zazzage a ƙirga ƙwayoyi masu huji cikin kowane ɗari.

Yadda ake yi

Da farko wake ya bushe ƙayau. Idan aka ciza ya ce ƙas, ya yi. Ɗanyen wake a rufaffen buhu ruɓewa yake yi. Na biyu, a duba ledojin: a hura iska a ciki a matse, in akwai huji za a ji. Na uku, a cika, a matse iskar da ta rage a sama, a murɗe bakin leda ta ciki, a lanƙwasa, a ɗaure. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje. Na huɗu, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango, domin ɓera ɗaya ya isa ya warware aikin duka. Na biyar, kada a riƙa buɗewa ana leƙawa, kowace buɗewa sabuwar iska ce. Waken cin yau da gobe a ware shi daban. Wanda bai sami buhun ba, ganga ta ƙarfe ko jarka mai murfi mai kyau tana yin aikin, in dai an cika ta fal kuma ba a taɓa zuba mai ko magani a cikinta ba.

Rana ma makami ce. Zafin digiri 57 na tsawon awa guda yana kashe ƙwai da tsutsa da ƙwaro. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗora baƙar leda, a baza wake ba da kauri ba, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna a danne da duwatsu. Awa biyu da tsakar rana sun wadatar. Sai dai wannan ba ya hana sabon ƙwaro dawowa, don haka da waken ya huce a zuba shi a mazubi a toshe.

Kammalawa

Manomin Toranke da ya kai wakensa kasuwar Gaya a watan Yuni babu huji, babu warin magani, ya ci riba uku: farashi mai kyau, irin shuka mai tsira, da lafiyar iyalinsa da ta wanda zai saya. Babu wani sihiri a cikin leda. Abin da ya yi aiki shi ne sanin inda ƙwaro yake ƙwai, da kwanakin da yake ɗauka ya girma, da abin da ba ya iya rayuwa sai da shi. Kira ga ɗalibanmu da suka fito daga Gaya da Ajingi da kewaye shi ne, idan an koma gida hutun ƙarshen shekara, a ɗauki kwalabe biyu a yi gwajin nan a gaban iyaye, a bar su su ƙirga hujin da hannunsu.