Zoɓo da Citta Za Su Raba Ni da Ciwon Gawut?

Tambaya: Likita ya ce ciwon gawut ne ke kumbura min babban yatsan ƙafa cikin dare. Abokai sun ce in bar ƙwaya in koma zoɓo da citta. Ina mafita?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Gawut na tasowa ne idan sinadarin yurik asid ya taru a jini, ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai. Shi ya sa ko mayafi ya taɓa yatsan sai ka ji kamar wuta.

Ban raina tsirrai ba. Kolcisin ɗin da likitoci ke bayarwa lokacin da ciwon ya tashi, daga wani fure ake samunsa, kuma furen guba ne idan aka wuce ƙima. Ƙananan bincike sun nuna zoɓo na taimaka wa ƙoda fitar da yurik asid, citta kuma na ɗan rage kumburi. Ka sha su, amma zoɓon ba sukari, domin kayan zaƙi na ƙara sinadarin. Sai dai ba za su maye gurbin alofurinol ba, wanda ake sha kullum don sauko da awon yurik asid na jini ƙasa da 6.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne jiƙe-jiƙen gora na bakin tasha. Ba ka san abin da ke ciki ba, ga ƙodar mai gawut tana buƙatar lallaɓawa.

Rage cin hanta, ƙoda da kayan ciki, musamman da Babbar Sallah, ka yawaita shan ruwa. In kana shan maganin hawan jini, gaya wa likita, don wasunsu na tayar da ciwon.