Ciwon Sukari da Jijiyoyin Ido

A da mutane suna cewa ciwon sukari ciwon birni ne, na alhazai da ma'aikata. Yanzu magana ta sake. Ana samun shi a Dogon Dutsi da Tsibiri, ana samun shi a Matankari da Kore Mai Ruwa da Gesheme, har cikin ƙananan ƙauyukan Arewa. Yana kama manomi, yana kama matar gida. A shekarar 2021, ƙungiyar duniya mai yaƙi da ciwon sukari ta ƙiyasta manya miliyan 24 masu wannan ciwo a yankin Afirka. Fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba.

Mutane da yawa sun san alamunsa: ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari har cikin dare, rama, kasala, da mikin da ya ƙi warkewa. Abin da ba a sani ba sosai shi ne ɓarnar da yake yi wa ido.

Yadda ido yake daga ciki

Ido kamar ƙaramin tulu yake. Haske yana shiga ta baƙin nan na tsakiya. Cikin tulun cike yake da wani ruwa mai kauri, garau, kamar farin ɗanyen ƙwai. Can ƙurya akwai wata shimfiɗa siririya kamar takarda. Lokotoro suna kiranta retina. Ita ke karɓar haske ta aika wa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarta akwai wani ɗan wuri wanda bai fi ƙwayar wake ba. Da shi ake karatu, da shi ake zura zare cikin allura, da shi ake gane fuskar mutum.

Shimfiɗar nan tana cin abinci kamar kowace gaɓa. Jini ke kai mata abincin ta ƙananan jijiyoyi. Jijiyoyin sun fi gashin kai sirantaka.

Abin da sukari yake yi masu

Tuwo da hura da shinkafa, idan an ci, suna komawa sukari cikin jini. Wannan ba laifi ba ne, shi ne ƙarfin aiki. Akwai wani sinadari da jiki ke yi, sunansa insulin. Shi ke shigar da sukari cikin tsoka. In insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin sa, sai sukari ya taru cikin jini. Wannan shi ne ciwon sukari. Idan an auna mutum da safe bai ci kome ba, aka sami giram 1,26 cikin lita ko fiye, aka sake awo wata rana aka sami haka, to ciwon ya tabbata.

Duk mai garka cikin Dallol Mawri ya san aikin tiyo. In tiyo yana da kyau, ruwa yana isa kowane fage na albasa da salati. In rana ta cinye shi, sai ya yi laushi, ya kumbura nan, ya tsage can. Wani fage ya yi taɓo, wani ya bushe. Haka sukari yake yi wa jijiyoyin ido, amma a hankali, shekara da shekaru.

Da farko bangon jijiya yana rauni. Sai ya yi ƴan ƙananan kumburi. Ta nan ruwa da maiƙo da ɗigon jini suke yoyo cikin shimfiɗar. In yoyon ya kai ɗan wurin nan na tsakiya, sai wurin ya kumbura. Mutum ya duba allo ya ga baƙaƙe sun dushe. Layin da yake miƙe ya gan shi a karkace.

Bayan haka waɗansu jijiyoyi suna toshewa. Wurin da jini bai isa ba sai ya ji yunwa. Daga nan ido ya shiga tsiro da sababbin jijiyoyi don ya ceci kansa. Nan ne babbar matsala take. Sababbin jijiyoyin ba su da ƙwari ko kaɗan, kuma suna bin inda bai kamata ba. Wata rana sai ɗaya ta fashe, jini ya zuba cikin ruwan nan mai kauri. Mutum ya tashi da safe ya ga baƙin abu yana yawo gabansa kamar ƙudaje ko saƙar gizo. In jinin ya yi yawa, sai duhu ya rufe idon gaba ɗaya. Daga baya wurin yana yin tabo. Tabon yana jan shimfiɗar har ya ɓamɓare ta daga mazauninta. In abin ya kai nan, maido da gani yana da wuya ƙwarai.

Duk wannan yana faruwa ba zafi, ba ƙaiƙayi, ba ja, ba kwantsa. Ido yana nan fari tas. Mutum yana iya yin shekaru yana noma yana zuwa kasuwa, ɓarna tana ci daga ciki. Cikin masu ciwon sukari uku, kusan ɗaya yana da wannan lahani a ido. Sau da yawa ido biyu yake kamawa. Hawan jini yana ƙara masa gudu, haka ma daɗewa da ciwon. Mace mai ciwon sukari in ta ɗauki ciki, abin yana iya tsananta cikin ƴan watanni.

Kada a haɗa shi da yana

Yanar ido daban take. Ita gaba take, ana ganin farinta. Lokotoro yana cire ta mutum ya koma gani. Mai ciwon sukari yana saurin yin yana, kuma yana iya haɗa biyun. Masu yawo kasuwa-kasuwa suna tura yana da tsinke ba su ganin abin da ke ƙuryar ido. Aikinsu ya makantar da mutane da yawa. Kwalli da ruwan ganye da ake ɗigawa su ma ba su kai can. Madubin ido na kasuwa ba ya ɗinke jijiya. Wani lokaci ma sukari ne ya hau, gani ya dushe, in ya sauka gani ya gyaru. Wanda ya yi saurin sayen madubi ya yi asarar kuɗinsa.

Abin da yake tsare ido

Babban magani shi ne riƙe sukari da hawan jini. An gwada riƙe sukari a Amurka da Kanada bisa mutum 1.441, aka bayyana sakamako a shekarar 1993. Waɗanda aka tsananta wa kula da sukarinsu, haɗarin lahanin ido ya ragu gare su da kashi 76 cikin 100.

Riƙe sukari ba barin tuwo ba ne. Rage yawa ne, da ƙara miyar ganye, zogale, kuɓewa da wake. Shayi mai sukari zubi uku, da lemun kwalba, da hurar da aka cika wa sukari, da shan rake, su ne abin gudu. Aikin gona da tafiyar ƙasa suna taimako. Taba tana ƙara lalata jijiyoyi. Magani kuwa, ƙwaya ne ko allura, kullum ake yin sa. Mutane da yawa suna bari da zarar sun ji sauƙi, wannan kuskure ne. Mai ciwon da yake son yin azumi ya fara shawara da ma'aikacin lafiya.

Abu na biyu shi ne duba ƙuryar ido. Babban mutum, ranar da aka ce yana da ciwon sukari, ya nemi a duba masa ido ko da yana gani sarai. Bayan nan a sake kowace shekara. Ana fara tambaya a likitar ƙauye, inda ake awon jini. Daga can a ba da takarda zuwa asibitin Dogon Dutsi, ko babban asibitin Doso, ko Yamai inda ƙwararrun lokotoron ido suke. In an ga ɓarna da wuri, akwai aiki. Ana ƙone wuraren da suka lalace da wani haske mai ƙarfi, ana kiransa leza. Ana yin allura cikin ido don kumburi ya sauka. Ana yin tiyata a kwashe jini. Waɗannan sun fi tsare ganin da ya rage bisa maido da wanda ya tafi. Wanda ya ga baƙin abu yana yawo, ko duhu ya sauko masa farat ɗaya, kada ya jira ranar kasuwa ko ƙarshen girbi.

Duba ido ba ya da zafi. Ana ɗiga magani, baƙin ido ya buɗe, lokotoro ya haska fitila ya leƙa ciki. Bayan an gama, gani yana dushewa na ƴan awoyi kuma rana tana kashe ido. Don haka mai zuwa ya tafi da ɗan rakiya, kada ya tuƙa babur da kansa. Ya riƙe karnensa na asibiti da kwalayen magungunan da yake sha.