Hazon Safiya da Hazon Hunturu

Tambaya: Malam, mene ne ma'anar "mist"? Shi ne hazon hunturu? Daga wata ɗalibar sakandare, Tambuwal.

Amsa: 'Yata, ba ɗaya ba ne. Mist shi ne siririn hazon ruwa da ke kwanciya a fadamun Kebbe da sassafe a ƙarshen damina, rana na ɗagowa ya watse. Kalmar ta haura shekara 1,000 a Turanci, kuma harshen mutanen Holan ma yana da ita. In hazon ya yi kauri har ba a hango nisan kilomita 1, sunansa fog. Ƙurar hunturu kuwa, mai busar da leɓe, haze ce, kada ki rubuta mist a jarrabawa. In kin yi shakka, taɓa mayafinki ki ji ko danshi ya ɗauka ko ƙura.